Rijiyar da Muhandis Sale Ya Ƙi Gogewa

Har gobe ranar da Muhandis Sale ya kwashe kayansa daga ofishinmu na unguwar Shisha a Makka ba ta fita raina ba. Wajen 2015 ne, ina mai zane a wani kamfanin fasa hanyoyi a cikin dutse. Shi ne babban injiniyanmu, Bakano, dattijo mai faɗa kamar me.

Wasu 'yan ƙasar waje suka ba mu kwangilar zana ma'ajiyar sharar nukiliya a cikin gishirin ƙarƙashin ƙasa, can ƙasarsu. Ku yara ba ku san aikin ba. Gishirin nan busasshe ne, kuma a hankali yake matsowa har ya rufe gangunan sharar ruf. A zanen, Muhandis ya sa rijiya biyu masu sauka zuwa ma'ajiyar, ɗaya ta saukar da shara, ɗaya ta iska da fitar ma'aikata in wuta ta tashi.

Masu kwangila suka ce tsadar ta yi yawa. Mudir, shugaban ofis, ya kira shi, ina tsaye da zanen a hannu.

"Ya Muhandis, cire ta biyun. Ɗaya ta isa."

"Mutane fa za su shiga ramin nan, ya Mudir. Ta ina za su fito?"

"Ka tuna iƙamarka a hannunmu take."

Iƙama ita ce takardar izinin zama a ƙasar. In kamfani ya sallame shi, takardar zamansa ta mutu, sai barin Makka. Ga matarsa a nan aka binne ta, shi ma burinsa ke nan, ya kwanta a ƙasar nan.

Na bi shi waje ina roƙo. "Baba, sa hannun mana! Ba ma ƙasarmu ba ce."

Ya harare ni. "Kai Habu, mutanen can ba uwa ce ta haife su ba?"

Aka kawo wani ya goge rijiyar ya sa hannu, shi kuwa aka buga masa fita ba dawowa. Ni na kai shi filin jirgin Jidda. A hanya ya ce in tsaya a maƙabarta. Ya dafa katanga ya daɗe yana addu'a, don kaburburan nan ba su da suna, bai ma san wanne ne nata ba. Wallahi sai da na yi kuka.

Ban san ko an haƙa ramin ba. A Kano ya rasu, ban sake ganinsa ba. Abin da na koya shi ne, a aikin nan namu layin da za a ce ka goge a takarda hanyar wani ce ta komawa gida, kuma wanda ya ƙi gogewa, shi kaɗai ake bari da asarar.