Ranar da Fatalwa Ta Durƙusa wa Inna

Na yi ayyuka iri-iri a rayuwata, wasu ma sai an tuna mini nake tunawa. Amma akwai wata Asabar guda a gidan tsoro da ba za ta taɓa fita daga raina ba muddin ina numfashi.

A Minguettes aka haife ni, can Vénissieux kusa da birnin Lyon na Faransa, a saman wani dogon bene. Da na gama sakandare na tafi Paris karatu, na sauka wajen gwaggona a unguwar Barbès. A shekarata ta biyu ne wata abokiyar karatu ta ce ana neman ƴan wasa a wani babban wurin shaƙatawa da ke bayan gari, kuma ba sai wanda ya ƙware ba.

Wurin yana da wani tsohon gidan tsoro da ya girme ni. Da can wasu ƙananan motoci ne a kan dogo, ka zauna su ja ka cikin duhu, ƙwarangwal na roba ya leƙo, gizo-gizon da ƙura ta cinye ya sauko. Yara dariya suke yi su fito. Masu wurin har sun gama shawarar rushe shi su gina gidan abinci, sai wata mata ƴar wasan dandali ta roƙa a ba ta watan Oktoba kawai, lokacin da Turawa ke bikinsu na tsoro. Ta ce a cire dogon, mutane su shiga da ƙafarsu, a zuba musu mutane masu rai a ciki. In bai karɓu ba a rushe. Ita ce ta ɗauke mu aiki, shef muke ce mata, wato shugaba.

Ni ɗakin shanya aka ba ni. Fararen zannuwa ne rataye ko'ina, fanka na kaɗa su a hankali, ni kuma mai wanki ce da ta mutu ta ƙi barin aikinta. Kayan sun rufe ni daga kai har ƙafa, abin da ya sa ma na karɓa ke nan. A shafe mini fuska fari fat, a zagaye idanun da baƙi. Dokokin shef ba su da yawa: ba a taɓa baƙo, ba a magana da muryar gaskiya, ba a fita daga wasa ko da rufin zai faɗo.

Kada in ɓoye muku, na ji daɗin aikin nan. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga murya, sai ga ƙato mai gemu yana ɓuya bayan matarsa saboda ni. Kullum zuciyata na bugawa in na ji takun mutane na matsowa, kamar ni za a tsorata.

Inna mahaifiyata kuwa abin ya ƙi shigar mata. A waya ta ce, "Wai aikin naki mene ne takamaimai?"

Na ce, "Tsorata mutane nake, Inna."

"Su da ƙafarsu suke zuwa?"

"Har layi suke yi."

Ta ce, "To, Allah shi kyauta." Ban san a ranar ta ƙudura sai ta gani da idonta ba.

Asabar ɗin ƙarshe ta watan, shef ta tara mu da safe ta ce yau masu wurin za su aiko da mutuminsu, zai saje da baƙi, ba wanda ya san fuskarsa. Abin da ya gani shi zai yanke ko gidan ya tsaya ko ya tafi. Kowa ya shiga ɗakinsa.

Bayan azahar ina tsaye tsakanin zannuwa, wani rukuni ya shigo. Tun kafin in ga kowa na ji ƙamshin humrar da na sani tun ina goye. Na ce a raina hancina ne ke yi mini wasa. Sai ga wata murya ƙasa-ƙasa cikin surutun Faransanci tana jero a'uzu billahi. Na leƙa. Inna ce a ƙarshen layi, da koren mayafinta a kan rigar sanyi, ta rungume jakarta a ƙirji. Daga baya na ji yadda aka yi: ta tasa yayana gaba sun hau jirgin ƙasa daga Lyon tun da safe, da suka iso ƙofa shi ya ce zai tsaya ya riƙe kaya, ita ta shige.

Aikina shi ne in fito a hankali, in karkace wuya, in kurma ihu a fuskar na ƙarshe a layi. Ta ƙarshen kuma ita ce. Na fito ɗin, ina tafe ina tunanin mutumin masu wuri, ina tunanin shef da ta zuba ƙarfinta a gidan nan. Amma da na iso gaban Inna na ga leɓenta na rawa, gwiwoyina ba su yi shawara da ni ba. Na durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Inna."

Muryata ta dishe saboda ihun makonni, gaisuwar ta fito kamar daga cikin rijiya. Inna ta sunkuyo ta ƙura mini ido.

"Lahiya lau. Ke ce?"

"Ni ce. Kun zo lahiya? Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Haka suka maishe ki?"

Ta ɗora hannu a kaina kamar yadda ta saba. Sauran mutanen sun daskare. Ku duba abin da suke gani: tsohuwar da suka yi layi tare da ita, wadda wata ma ta riƙe mata hannu a matakala, tana hira da gawa cikin harshen da ba su taɓa ji ba, gawar kuma na durƙushe a gabanta.

Sai Inna ta ce, "Ɗiyata, ƙafafuna sun mutu. Fid da ni daga nan."

Ban tsaya tunani ba. Na miƙe na kama hannunta, na ja ta cikin zannuwan, muka shige ta ƙofar ɓoye da muke bi. Zannuwan suka rufe bayanmu. Sai na ji gudu da kururuwa irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka buɗe gidan.

A ɗakin hutunmu wani abokin aiki da gatarin roba a kafe a kansa yana shan kofi. Ya miƙe da sauri ya gaishe ta, ta amsa masa da Faransancinta, tana kallon gatarin. Wasu biyu cikin shigar masu shan jini suka kawo mata kujera da ruwa. Kafin wani lokaci ta buɗe jaka ta fito da dubulan da ta soya mini, tana raba wa aljanu.

A waje kuwa ƙura ta tashi. Mutanen sun fito suna rantsuwa an ɗauke mace guda daga cikinsu, wata har da kuka. Masu gadi suka tsayar da layi. Yayana da ya ji ana kwatanta tsohuwa mai koren mayafi ya zubar da kayan da ya ce yana riƙo, sai da mutum biyu suka tare shi.

Shef ta shigo fuska a murtuke, bayanta wani mutum mai furfura, rigarsa sharkaf da gumi. Na gane shi, yana cikin rukunin, ashe shi ne mutumin masu wurin. Na tsaya ina jiran a ce in cire kaya in tafi. Mutumin ya dubi Inna da dubulan a cinya, ya dube ni, ya tambayi shef wa ya tsara wannan fitowar.

Shef ta ce, "Ba kowa. Mahaifiyarta ce."

Ya zauna a kan akwatin gawa na katako ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ya daɗe yana zagaya irin waɗannan wurare, bai taɓa gudu ba sai yau. Ya juya ya tambayi Inna ko za ta yarda ta riƙa zuwa kowace Asabar. Ba ta jira na fassara ba, ta ce masa ta gode, sau ɗaya ya ishe ta.

Faɗa dai na sha shi, don dokokin ukun duka na karya a tashi ɗaya, kuma shef ba ta sassauta ba. Amma washegari ta kawo wata tsohuwar ƴar wasa, ta sa mata kayan gida da jaka, ita kuma ta saje da baƙi tun daga layi. Ta yi hira da su, ta nuna musu hoton jikokinta, in an zo ɗakin shanya in ja ta mu ɓace. Labari ya bazu. Ba a rushe gidan ba. Shekara ta zagayo aka faɗaɗa shi, aka ƙara ɗakuna, yau mutane har daga Lyon suke tafiya dominsa, kuma kowa na shiga yana zargin na kusa da shi. Masu aiki a can yanzu ba su san daga inda abin ya samo asali ba.

Ni na bar aikin da na gama karatu, na dawo Lyon. Inna tana nan da ranta, duk taron suna a unguwa sai ta ba da labarin ranar da ta kori Turawa da gaisuwa.

Kafin ranar nan mutum biyu nake: ta gida mai durƙuso da Hausa, da ta waje mai ɓoye su don kada a ga ta bambanta. Abin da na koya a ɗakin shanyar nan shi ne, tarbiyyar da aka ba ka a gida ba abin jin kunya ba ce a gaban kowa. Tun daga ranar, ko a ina na haɗu da Inna, ko wa ke kallo, sai gwiwata ta taɓa ƙasa.