Ranar da Aka Nemo Rijiya da Ƙafafuna

Ko zan manta shekarun haihuwata, waɗanda dama ban riƙe su da kyau ba, ba zan taɓa manta ranar da aka ɗora mini tulu a ka, gari guda yana biye da ni a baya ba.

Watana huɗu ke nan da aure, an kawo ni wani ƙauye a gefen Burumburum. Ni 'yar Tiga ce, babana masunci, ban taɓa sanin ana yi wa ruwa rowa ba sai a gidan miji. Ranin shekarar ya yi tsanani, rafi ya ƙafe, mata sai su tone yashi su zauna da ƙoƙo suna jiran abin da zai tsattsafo. Samarin gari, har da mijina, suka yi gayya suka haƙa rijiya biyu, duk suka ci karo da dutse. Gidaje uku suka kwashe suka koma Tudun Wada, Fulanin rugar da ke kusa da mu ma suka fara zancen tashi. Surukina ya ce idan aka sake haƙawa ba a samu ba, mu ma tafiya za mu yi.

Kakar mijina, wadda kowa ke kira Iya, ta ce ita ba inda za ta. Mijinta da 'ya'yanta huɗu suna kwance a maƙabartar garin, ba za ta bar su ba. Rannan ana cin tuwo ta ce, “Ku dai kuna ta fasa dutse, ga rijiya can a kufai.”

A nan na fara jin tarihin garin. Ashe da can ba a bakin hanya yake ba, yana can inda gonaki suke yanzu. Zango ne na fatake, masu sauka da jakuna ɗauke da kanwa da gishiri, kuma rijiyarsu ba ta taɓa ƙafewa ba. Da aka yi hanyar mota mutane suka taso, rafi kuma yana da ruwa a lokacin, sai aka rufe bakinta da gungume aka bi da ƙasa don kada dabbobi su faɗa. Mazan da suka rufe ta duk sun rasu.

Mijina ya ce, “To Iya, gonakin nan da faɗi, a ina za mu sa diga?”

Ta ce, “Lokacin ina amarya, ƙofar gidanmu tana gindin kukar nan ta kufai. In na fuskanci dutsen gabas da tuluna, waƙata nake yi sau uku, da na kai ƙarshe sai ga ni a bakin rijiya.”

Aka yi dariya, amma da yake ba wata dabara, aka bi ta. Ta dogara sandarta daga gindin kuka, tana tafe ta yi waƙarta sau uku ta tsaya. Kwana biyu ana haƙa, rami ya shanye mutum, babu komai sai jar ƙasa. Wani saurayi ya ce, “Tsohuwar nan fa ta fara rikicewa.” A kunnenta ya faɗa. Ranar ba ta ci abinci ba, kuma wallahi ta ba ni tausayi ƙwarai.

Washegari na ɗauko mata kunu ina ratsa tsakar gida, sai na ga ta zuba mini ido. Ta ce, “Ke amarya, koma ki sake tahowa.” Na koma na taho. Sai ta bushe da dariya har da tari. “Ni ce sakarai! Na kai musu ƙafar tsohuwa, alhali ƙafar amarya ce ta san hanya.”

Da ƙyar surukina ya shawo kan samari, don gwiwarsu ta riga ta yi sanyi. Aka ɗora Iya a jaki, ni kuma aka tsayar da ni a gindin kuka da gammo da tulu. Ga surukai, ga liman, ga Fulani sun jingina da sandunansu suna kallo. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina fara tafiya na zuba sauri don a gama.

Iya ta daka mini tsawa. “Tsaya! Kare ne ya biyo ki? Amarya ba ta tafiya haka. Sunkuyar da ido, ki taka kamar surukinki na kallonki.”

Wata mata ta ce, “Ai kuwa yana kallon nata!” Wuri ya kaure da dariya.

Muka koma gindin kuka. Ta ɗauko waƙar da muryarta mai rawa, “Rijiyar fatake ba kya ƙin baƙo, guga ya sauka rai ya yi sanyi,” ni kuma ina takawa a hankali. Tun ana ƙus-ƙus har aka yi tsit. Muka wuce ramin farko da nisa. Da ta kai ƙarshen ta uku na tsaya cak a tsakiyar gonar dawar wani, ina ta addu'a, don na san idan ba a samu ba, za a ɗauke Iya daga garin nan tana kuka.

Ba a samu a ƙarƙashin ƙafata ba. Sai da aka faɗaɗa ramin wajen taku uku zuwa hagu, bayan la'asar, digar mijina ta doki wani abu da ba dutse ba. Gungume ne baƙi ƙirin, ga sawun igiyar guga ya ci jikinsa. Aka sauko da Iya ta durƙusa ta sa yatsa a cikin sawun, ta ce, “Har da nawa a nan.” Sai hawaye. Saurayin nan ya zo ya tsuguna ya ce, “Iya, ki yafe mini.” Ta ce, “Tashi ka ɗauki kwando, rikitacciya ta gama nata.”

Kwana tara ana yasa kafin ruwa ya kawo. Gugan farko ita aka miƙa wa. Ba mu tashi ba, Fulani ba su tashi ba, biyu daga gidajen da suka tafi ma sun dawo. Iya ta rasu da kaka ta zagayo, da ruwan rijiyar aka yi mata wanka, aka kwantar da ita kusa da mijinta.

Yanzu garin yana da famfon sola, yaran yau ba su san nauyin guga ba, ni ma ƙafata ta zama irin ta Iya. Amma na koyi cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma gari ba ya ci gaba idan ya ƙi tambayar tsofaffinsa inda ya fito. Shi ya sa duk amaryar da aka kawo gidanmu sai na koya mata waƙar nan, na kuma kai ta gindin kuka ta taka.