Lambatun Kwanar Tsamiya

Lokacin da na fara aikin malamin gona a Rano, dab da samun mulkin kai, abin da na fi so a aikin ba gona ba ce, babur ne. Baƙi ne, ɗan Ingila, mai nauyin tsiya, in na buga shi a ƙofar gida kajin unguwa sai su watse. Masu babur a ƙasar Rano a lokacin ba su cika yatsun hannu biyu ba, ni ne kuma ƙaraminsu, don haka kaina ya kumbura. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya nema mini uzuri a gaba.

Akwai hanyar mota da ke zuwa Kibiya, wadda manyan motocin gyaɗa suka farfasa. Ni ba na bin ta sai dole. Tawa ita ce wata ɓarauniyar hanya da na gano da kaina. Ka fita ta bayan gari kamar za ka Rurum, ka bar duwatsu a hannun dama, sai ka saki hanyar ka faɗa wani burtali da ya yi gabas. Burtalin nan bai san miƙewa ba. Yana zagaya kowace kuka, yana kauce wa kowace gona, ya hau fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, ya sauka cikin yashin rafi, ya sake hawa. In ka tsaya a kan tudu na biyu ka kashe inji, za ka hango duwatsun Rano a bayanka, ga shanun Fulani a fadama, ga giginyu a jere har inda ido ya gaji. Amma ni ban cika tsayawa ba. Kwane-kwanen ne ke kai ni can. Na ƙirga su, sha huɗu ne, na san inda zan sauke giya, na san inda zan kwanta da babur har takalmina ya shafi ƙasa.

Ta sha huɗun ta fi duka daɗi. Ni na sa mata suna kwanar tsamiya, domin hanya tana zagayo wata tsohuwar tsamiya ne, ba ka ganin abin da ke gabanka sai ka fito. Da ka fito sai gangare ya buɗe, miƙaƙƙe, ya bi ta gefen gonar wani tsoho. A nan nake murɗa totur har ƙarshe, rigata tana kaɗawa.

Tsohon nan dogo ne, ba shi da yawan magana, gyaɗa da dawa yake nomawa. 'Ya'yansa maza biyu sukan tafi cin rani birni su bar shi shi kaɗai. In ya jiwo ƙarar babur ɗina sai ya fito gindin tsamiya da ƙwaryar fura. Sa'an 'ya'yansa ne ni, amma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Malam. Wata rana da bazara ya ja ni cikin gonar ya nuna mini inda ruwa ya ci.

Ya ce, "Malam, duk damina sai ruwan hanyar nan ya gutsire mini ƙasa. Bara nan gyaɗa ce, duba yanzu."

A lokacin ban daɗe da dawowa daga kwas a kan zaizayar ƙasa ba, ilmin yana ta cina. Na ce masa maganin abin lambatu ne, a haƙa shi a gicciye daga saman gonar, ya tare ruwan ya kai shi rafi. Na sassaƙa turaku na kafa masa da hannuna. Layin ya ratsa hanya daidai inda mutum ke fitowa daga bayan tsamiya, domin ta hanyar ruwan ke gangarowa. Tsoho ya tsaya yana kallon turken da na kafa a tsakiyar hanya.

Ya ce, "Malam, masu wucewa fa?"

Na ce, "Baba, mai ƙafa ya tsallake, mai jaki ya tsallake. Mai babur kuwa ni kaɗai ke bi ta nan, ni kuma na san da shi."

Ya ce, "To, Malam."

Shi kaɗai ya haƙa shi, cikin zafin bazara, da diga da kwando. Ya yi kusan mako uku a kai. Zurfinsa ya kai gwiwa, ƙasar da ya fitar ya jera ta tudu a gefen gona kamar yadda na koya masa. Bayan ruwan fari na je na duba, na tarar ruwa ya bi lambatu tiryan-tiryan har rafi, ko ƙwayar ƙasa ba ta bar gonar ba. Ranar na ga haƙoran tsohon nan. Ya ba ni ƙwan zabi a cikin ɗan tsumma, na lallaɓa babur ta gefe na wuce, ina jin babu malamin gona kamata a lardin Kano.

Ina da taubashi, ɗan goggona, malamin makarantar elemantare a Kibiya. Tun muna yara kowa ke kiran ɗan'uwansa bawansa, ba ma haɗuwa mu rabu ba mu yi tsiya ba. Mutum ne mai ƙafar ƙwallo, in aka tashi makaranta shi ke shiga fili ya yi ta wahalar da ɗalibansa. A wannan daminar ya sayi babur ja, sabo fil. Ranar kasuwar Kibiya na tarar da shi a rumfar wani tela, ya kafe babur a inuwa yana ta goge shi da hankici, mutane sun kewaye.

Na ce, "Kai bawana, wannan ai na zuwa Juma'a ne. Goge shi da kyau ka mayar ɗaki kada rana ta taɓa shi."

Ya ce, "Dalla can, mai warin taki. Naka da ke tari kamar tsohon jaki ne za ka haɗa da wannan?"

Aka yi dariya. Ni kuwa ban iya barin dariya ta tsaya a kaina ba. Na gyara zama na fara ba su labarin hanyata, kwana bayan kwana. Na gaya masa inda zai saki hanyar Rurum, na gaya masa ya kama gefen hagu a kan fa saboda santsi, na gaya masa kada ya rage wuta a yashin rafi don kada ya kafe. Har inda wata kanya ta miƙo reshe na gaya masa, na ce ya sunkuya. Tela ya dakatar da keke yana saurare. Da na iso kwanar tsamiya na ce, "Nan ake gane namiji. Ni ban taɓa taka birki a nan ba."

Ina rufe baki lambatun ya faɗo mini a rai. Na gan shi sarai, har da turken da na kafa. Da mantuwa na yi da tuni na yafe wa kaina. Ban manta ba. Abin da ya faru shi ne labari ya yi daɗi, idon kowa yana kaina, in na ce akwai rami a wurin kuma ni kaina yanzu turawa nake yi in wuce, labarin ya lalace ke nan. Na ce a raina matsoraci ne, ba zai je ba. Na ce in ma zai je, zan ja shi gefe in gaya masa kafin in bar kasuwa. Na sayi albasa, na gaisa da mutane, na hau babur na koma Rano.

Ranar Lahadi da hantsi taubashin nawa ya zagayo ta Rano ya kama burtalin. Tsohon ne ya jiwo ƙarar, ya fito da ƙwaryar fura yana tsammanin ni ne. A kan idonsa tayar gaba ta faɗa lambatu, babur ya yi sama, ya dawo ya danne mai shi. Tsohon ne ya ɗaga babur ɗin, shi ya yage rawaninsa ya ɗaure ƙafar, shi ya ɗora shi a jaki ya kai shi gidan mai ɗori. Ƙaurin ya karye wuri biyu. Da na isa na tarar goggona a zaune a tsakar gida tana kuka, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da wanda ya haƙa wa ɗanta rami. Na tsuguna kusa da ita ina ba ta haƙuri.

Kafin kwana uku magana ta zagaya cewa tarko tsohon nan ya haƙa, wai don babur yana firgita masa awaki. Da yake malamin makaranta ne ya ji ciwo, dagacin ƙauyen bai bar zancen ya kwana ba, ya sa aka kira tsohon. Ni ma aka kira ni, a matsayin ɗan'uwan wanda ya karye kuma malamin gonar yankin. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure kusa da dagaci. Tsoho ya cire takalmi a waje, ya shigo ya tsuguna a ƙasa.

Dagaci ya ce, "Wa ya ba ka izinin yanke hanyar jama'a?"

Tsoho ya ɗago kai ya dube ni. Sau ɗaya, ba da daɗewa ba. Babu roƙo a kallon, babu zargi. Jira kawai yake yi, domin a saninsa ba shi ne zai nuna ma'aikaci da yatsa a gaban sarauta ba, balle wanda ya sha furarsa. Nawa ne in yi magana. Na duƙar da kai ina wasa da makullin babur.

Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, gonata ce ruwa ke ci."

Dagaci ya juyo wurina ya ce, "Malam, kai ne masani. Haka ake yi?"

Na tuna kukan goggona. Na tuna ofishinmu, da abin da za a rubuta a kaina in aka ji ni na kafa turke a tsakiyar hanya. Na ce, "Ana yin lambatu, ranka ya daɗe, amma ba a kan hanya ba."

Dagaci ya wanke tsohon nan tas a gaban mutane, ya ce da furfurarsa yake haƙa wa bayin Allah rami, ya ba shi kwana biyu ya cike. Da aka watse na yi sauri zuwa wurin babur, amma tsohon ya riga ni. Yana tsaye da takalmansa a hannu.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Malam, in cike ɗin?"

Tambayata yake yi da gaske. Dagaci ya yanke hukunci, amma shi a wurinsa wanda ya san ƙasa ni ne. Na san marka na tafe, na kuma san abin da ruwa zai yi wa ƙasar da aka tona aka mayar sakwa-sakwa. Na ce, "Cike, Baba."

Ya ce, "To, Malam."

Daga ranar ban sake bin burtalin nan ba. Na koma hanyar motocin gyaɗa, ina shiga rami ina fita. Bayan kaka na nemi canji aka mayar da ni wata gunduma. Taubashina ya tashi, amma ƙafar ta gajarce, ƙwallo kuma ta ƙare. Bai taɓa zargina ba. Abin ma ya zame masa labarin ban dariya, duk inda muka haɗu a biki sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Hanyar bawan nan nawa ta fi ƙarfina. Kwana sha uku na ci, ta sha huɗu ta ci ni." A yi dariya, ni ma in yi. Sau nawa na buɗe baki zan gaya masa, sai in ce bari a gama cin abinci. Har ya rasu ban gaya masa ba.

Na yi fiye da shekara ashirin kafin in koma. Wata rana wani aiki ya kai ni Rano, na ari ƙaramin babur na ce yau sai na je na tsuguna a gaban tsohon nan. Kukokin suna nan, fa yana nan, kanyar an sare ta. Na zagayo tsamiya a hankali, na taka birki. Gangaren babu shi. Inda hanya take da rabin gonar ya zama kwazazzabo ja, zurfinsa ya fi tsayin mutum, saiwoyin tsamiya a waje suna reto. A ɗan abin da ya saura na gonar na ga wani magidanci mai furfura a gemu yana noma. Na yi sallama, ya ajiye fartanya ya zo. Ƙaramin ɗan tsohon ne. Na tambayi mahaifinsa, ya ce ya daɗe da rasuwa.

Na ce, "Ashe ruwa ya yi muku ɓarna haka?"

Ya ce, "Ai Alhaji, da an bar abin da aka yi da ba haka ba. Muna cin rani wani malamin gona ya taɓa sa Baba ya haƙa lambatu a nan, daga baya aka sa ya cike. Shekarar ruwa ya fara yanka. Mutane suka daina ma sa shi a sha'ani, wai mugu ne. Amma har ya koma ga Allah, in ya zauna gindin tsamiyar nan sai ya ce, yaron nan malamin gona ya san aikinsa, Allah ya yi masa albarka duk inda yake."

Ya dube ni ya ce, "Ko ka san Baba ne?"

Na ce, "Na taɓa shan furarsa."

Ya ce, "Allah sarki."

Na ce Allah ya jiƙansa. Babu hanyar wucewa gaba, na juya kan babur, na sake bin kwane-kwanen nan sha huɗu ɗaya bayan ɗaya har Rano.