Wadda take ƙwanƙwasa mana get da zobe

Yau da safe ina tsaye da ludayin koko a hannuna aka kira ni a waya aka ce Anti Sa'a ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Hatsarin mota ne, jiya da yamma, a hanyarta ta dawowa daga garinsu. A can aka yi mata sutura. Ko gawarta ba mu gani ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, nas ce a asibitin koyarwa, tana haya a layinmu nan Gyaɗi-Gyaɗi. Ba dangin iya ba na baba. A asibiti muka haɗu lokacin da sanƙarau ya kama 'yata Hafsa ya tafi da idanunta.

A lokacin ban iya karatun boko ba, sai daga baya na shiga ajin manya. Aka miƙo mini takardar magani na tsaya ina jujjuya ta. Anti Sa'a ta karɓa ta ce, "Rubutun likitocin nan sai an taru." Ta karanta a fili kamar kanta take karanta wa. Babu wanda ya gane a ɗakin.

Da muka dawo gida Hafsa ta shige ɗaki ta ƙi fitowa. Ba wasa, ba magana sai "e" da "a'a". Ni ma ban matsa mata ba, don tsoro nake ta yi tuntuɓe. Kofi zan miƙa mata, takalmi zan sa mata, tambaya in aka yi mata ni nake amsawa.

Rannan Anti Sa'a ta shigo da kwalaben lemo a leda. Ta zuba musu ruwa, wata da yawa wata kaɗan, ta jera a bakin ƙofar ɗakin tana bugawa da cokali. Kowace da muryarta. Ta hargitsa su ta ce, "Hafsatu, 'yan gida ɗaya ne sun yi faɗa. Jera mini su daga mai ƙatuwar murya zuwa 'yar autarsu."

Hafsa ta ce ba ta so.

Anti ta ce, "Shi ke nan, dama na san ya fi ƙarfinki." Ta tafi ta bar kwalaben.

Kafin la'asar na ji ƙarar cokali.

Daga nan kullum da sabon wasa ƙwaƙwalwa. Ta ɓoye kwalba ɗaya ta ce a faɗi wacce ce babu. Ta kurɓe ruwan wata a ɓoye ta ce a kamo wadda muryarta ta sauya. Ita take zama ta ƙirƙiro su da kanta, wani lokaci a cikin adaidaita sahu tana dawowa daga duti.

Hankalina bai kwanta ba. Na ce mata, "Anti, kada dangin babanta su ce makaɗiya muke rainowa." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Maman Hafsa, ba ki taɓa lugude ba? Mata uku a turmi ɗaya, kowace ta san gurbin da taɓaryarta za ta faɗa. Lissafi ne, da kunne ake yin sa."

Daga luguden ta samo wasan get. Duk safiya in za ta wuce aiki sai ta ƙwanƙwasa get ɗinmu da salo, ta bar gurbi a ciki, Hafsa ta cike daga ciki da cokalinta. In ta dace Anti ta ce, "Na ba ki gari." In ta kuskure ta ce, "Yau kunnen na wanki ne?" Saboda wannan wasan Hafsa ta koyi takowa daga ɗaki har get ita kaɗai.

Sau da yawa nakan yi wuf in ce, "Hafsa, yanzu, buga!" Anti ta leƙo ta ce, "Maman Hafsa, ki dinga bar mata gurbinta."

Ranar Juma'ar da ta wuce Anti ta tsaya da jakarta, za ta je duba mahaifiyarta. Ta buga wani mai wuya, Hafsa ta kasa. Ta ce, "Riƙe shi, Litinin zan zo in karɓi kayana." Ni kuma ta ce za ta taho mini da daddawar garinsu.

Hafsa ta wuni biyu tana buga faranti, tana buga bango, har jiya ta ce ta gano.

Shi ya sa da aka kira ni tana zaune a bayan get da cokalinta, ta yi wanka tun da wuri.

Na kasa faɗa mata. Abin da nake gani kawai ɗakin nan ne, ta koma ciki, wannan karon babu mai zuwa da kwalabe. Sai na ce zan je sayo ƙosai. Na fita na tsaya a lungu na share hawayena, na dawo na ƙwanƙwasa yadda na ji Anti ta yi.

Shiru.

Can ta ce, "Mama, ke ce. Anti da zobe take bugawa. Kuma kin cike gurbina."

Na buɗe na zauna a ƙasa kusa da ita. Ta lalubo fuskata ta ji ta jiƙe. Ta ce, "Ba za ta zo ba ko?"

Na ce, "Allah ya karɓi abarsa, Hafsa."

Ta miƙe, ina jiran in ga ta juya wajen ɗaki. Sai ta ce, "Koma waje ki sake. A hankali. In kin zo gurbina ki tsaya."

Na koma. Na buga. Na tsaya, na danne hannuna a ƙirji.

Daga ciki cokali ya amsa.

Ban san ko daidai ne ba. Wadda ta sani ta tafi. Na dai ce, "Na ba ki gari."

Yanzu haka tana tsakar gida da kwalabenta, ba ta ci abinci ba. Gobe da safe ni zan ƙwanƙwasa, na nemo zoben aurena na sa.

Allah ka jiƙan Sa'adatu, ka yafe mata, ka haskaka kabarinta, ka ba mahaifiyarta haƙuri. Yadda ta fito mini da 'yata daga ɗaki, ka buɗe mata ƙofar Aljanna tun kafin ta ƙwanƙwasa.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a. Ku sa Hafsa ma a ciki.