Malam Ilu da Keken da Ba a Hawa

Duk wanda ya san kakana Malam Ilu a Kazaure da keke ya san shi, amma a nemo mini mutum ɗaya da zai rantse ya taɓa ganinsa a kan sirdi daga wannan gari zuwa wancan. Ba ya hawa tudu da shi, wai kada ya wahalar da ƙarfe. Ba ya gangarowa a kai, wai birki ke cinyewa. In hanya ta yi yashi sai ya sauka saboda taya. In ya hango dattijo sai ya sauka, don a wurinsa rashin kunya ne ka gai da babba kana bisa. Haka in zai wuce maƙabarta ko garken shanu. To, ku da kuka san ƙasarmu, daga Kazaure zuwa Roni in aka cire tudu da gangare da yashi da dattawa, me ya rage?

Kakarmu Inna ta taɓa tambayarsa, “Malam, tsakaninka da keken nan, wa ya sayi wani?”

Ya ce, “Ke dai zuba mini fura a gora. Ba a shiga tsakanin abokan tafiya.”

Tsohon malamin daji ne, ya yi ritaya amma ƙafarsa ba ta yi ba. Kowace shekara da an gama ɗaurin dawa sai ya ɗaure buzu da buta da famfo a kariyar keken, ya fita abin da yake kira zagaye. Ya bi ta cikin duwatsun Roni, ya ɓulla Gwiwa, ya karkato ta Achilafiya har Babura, yana kwana duk inda yake da ɗan'uwa ko aboki, kuma babu ƙauyen da ba shi da ɗaya. Babban ɗansa, Baffa Garba, ya shafe shekaru yana neman hanyar da zai zaunar da shi a gida, shi kuwa tsohon ya shafe su yana zamewa. Tun ina saurayi ake wannan yaƙi har na yi tumbi.

Wani direban a-kori-kura ya ba ni labari da bakinsa. Ya tarar da shi a hawan nan na kusa da Roni da rana tsaka yana turi, tausayi ya kama shi, ya taka birki.

“Baba, kawo keken a sa a baya, in sauke ka a gari.”

“Allah ya yi albarka, yaro. Ai sauri nake.”

“Sauri kake, shi ne ba za ka shiga mota ba?”

“Motarka za ta wuce da ni gidajen da zan shiga, sai na sake dawowa da baya. Ka ga ka ɓata mini lokaci.”

Direban ya ce haka ya ja motarsa ya wuce, ya bar shi yana turi.

A wata ruga da ke bayan duwatsun yana da aboki, Arɗo Buba, wanda ba sa haɗuwa sai sun taɓa juna. Arɗo ya zagaya keken yana duba shi kamar mai taya saniya, ya ce, “Malam Ilu, wannan dabbar taka shekara da shekaru kana kiwonta, ko ɗan maraƙi ba ta ba ka ba.”

Malam ya kurɓi nonon da aka kawo masa, ya goge gemu, ya ce, “Gaskiya ne, Arɗo. Amma ba a taɓa kai ni gaban maigari don ta ci gonar wani ba.”

Sai da matan rugar suka leƙo don jin abin da ya sa maza ke ƙyaƙyata haka.

Itatuwan hanya kuwa ya san su kamar 'ya'yan cikinsa. Ya san kukar da ake cin kasuwa a gindinta tun garin yana da ganuwa, ya san kanyar da ta fi zaƙi, ya san gawon da aradu ta tsaga bai mutu ba. Akwai wata tsamiya a bakin rafin wani tsohon ƙauye, ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu suna jin kunya, inda yake yada zango ya yi azahar. Wata shekara ya iso ya tarar da kututture, masu gawayi sun yi aikinsu. Bai yi faɗa ba. Ya jingine keke a ƙofar gidan maigari, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

“Ranka ya daɗe, ya haƙuri? Ashe rashi aka yi.”

Maigari ya zabura. “Innalillahi. Wa ya rasu, Malam?”

“Babbar garinku, ta bakin rafi. Ta girmi kakanka, kuma ba wanda ya aiko mini.”

Malam ya zauna a zauren maigarin yana karɓar gaisuwa, duk wanda ya shigo sai ya ce masa ya haƙuri. Bai tashi ba sai da aka nemo dashe aka kafa a gabansa, aka kewaye da ƙaya saboda awaki.

Shekarar da abin ya zo da gaske, faɗuwa ya yi a bakin dam, ya gurɗe kafaɗa. Baffa Garba ya tara mu, ya ce bana ba zagaye, in kuma dole ne ga mota ga direba. Malam ya ce a mota gaisuwar taga ake yi, shi kuwa zumunta a ƙafa ya san ta. Da aka ga ba ya jin lallashi, sai Baffa ya ja ni gefe ya ce in cire sarƙar keken in kawo masa. Na cire, ya kulle ta a but ɗin motarsa, kowa ya koma harkarsa da murna an yi maganin tsoho.

Washegari da hantsi Inna ta aiko a gaya mana ba Malam ba keke.

Baffa ya ce in hau babur in dawo da shi ko da ɗaure shi zan yi. Na cim masa a hanyar Roni, a inda itatuwa suka yi wa hanya rumfa, yana turi hankalinsa kwance.

Na ce, “Tsoho, ba ka lura kekenka ba sarƙa ba?”

Ya ce, “Na lura, mai tumbi. Ya ma fi daɗin turawa. Allah ya yi wa ɓarawon albarka.”

Na kashe babur na shiga turawa a gefensa, ina jiran ya gaji in ɗauko zancen komawa. Ni na fara gajiya. Muka zauna a gindin wata ɗorawa ina haki, shi kuma yana nuna mini kufan wani gari a gefen dutse, da ramukan marina da ciyawa ta rufe, da inda rijiyar garin take. Da muka tashi tafiya ne na ga abin da duk gidanmu ba wanda ya gani. Ya yunƙura ya kasa. Ya jawo keken kusa, ya kama hannunsa, ya ɗora nauyinsa a kai, sannan ya miƙe. Ashe ya daɗe ba ya iya doguwar tafiya sai da shi. Tausayi ya rufe ni.

Na ce, “Malam, in sanda kake so ai sai a saya maka.”

Ya harare ni. “In na shiga gari da sanda, tsoho ne ya zo, a shimfiɗa masa tabarma a fara yafe masa. In na shiga da keke, matafiyi ne, a tambaye shi labarin hanya.” Sannan ya ƙara da cewa, “Kuma ka san Yaya Hanne. Ba ta gani, waya kuwa ba ta yarda da ita ba, ta ce ana iya kwaikwayon murya. In ban je bana ba, za ta ce na mutu ne ake ɓoye mata.”

Yaya Hanne yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu suka rage, tana wani ƙauye a bayan Gwiwa. Na bar babur wurin wani mai faci a Roni, na bi shi da ƙafa. Baffa ya bugo waya ya ce, “Ka kamo shi?” Na ce, “Baffa, shi ya kamo ni.”

Mun iske ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube. Da jin sallamarsa ta ajiye ƙwaryar.

“Auta, ka makara bana. Har na fara tuhumar yaran nan.”

Mutumin da duk Kazaure ke durƙusa wa, ga shi ana ce masa Auta yana amsawa. Ya ce, “Hanya ce ta ƙara tsawo, Yaya.”

“Wane ne kuma wannan mai haki kamar bijimi?”

“Jikanki ne. Direba aka haɗa ni da shi.”

Ta kama wuyan hannunsa ta riƙe, ba ta saki ba har aka kawo tuwo, da hannu ɗaya ta ci. A hanyarmu ta dawowa ya ce da ni, “Ranar da ta faru, kai za ka je ka gaya mata da bakinka. Ban yarda a ɓoye mata ba.”

Da damina ta kama Allah ya karɓi abinsa, bayan 'yar rashin lafiya. Wasu a gida suka ce a bar tsohuwa kada a tayar mata da hankali. Washegarin jana'iza na kama hanyar Gwiwa. Na yi sallama, ta amsa, ta karkata kai tana sauraron ko akwai wani a bayana.

Ta ce, “Kai kaɗai ne?”

Na ce, “Ni kaɗai ne, Kaka. Shi ya ce in zo.”

Ta share ido da gefen mayafi ta ce, “Yaron nan, ko jirana bai yi ba.”

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ya huta. Allah ya ba Yaya Hanne haƙuri, ya sada su a inuwar da ba ta gushewa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.