Ƙyauren Ɗakina da Zarton Yaya Ige

Ranar addu'ar arba'in ta Yaya Ige kafinta, mu huɗu munka rage a gidanshi na Boɗinga: ni ƙanwarshi, da matarshi Kulu, da Nasiru babban ɗanshi da yag gaji shagon, da maƙwabcinsu Malam Buba mai allura.

Kun dai san shi. Ba ya amsa gaisuwa sai ya kama hannunka ya ƙirga yatsu. "Goma? To, ina kwana." Shi tara gare shi. Injin zarto yac ci guda, shekarar da yar rufe ramin da haƙoran ke fitowa da guntun kwanon rufi. Tun daga nan ɗan marfin nan, da bai wuce tsawon takalmi ba, yaz zama ciwonshi.

Malam Buba ya tuna ranar da yak kai mashi farantin roba mai kauri don ya yi marfin da shi. Yaya ya shinshina, yac ce, "Wagga narkewa za ta yi. Mai da ma majinyatanka su ci tuwo."

Kulu tac ce katako kuwa sai ya kwana bakwai ƙarƙashin randarta. Wanda yal lanƙwashe, sai murhu. "Shekara talatin ban nemi iccen girki ba."

Tawa ta fi. Ya zo gaishe ni gidana na garin Kajiji, ya ƙi zama, yana ta ƙwanƙwasa ƙyauren ɗakina, na tsohon iccen maɗaci, gadon kakarmu. Na tafi damo mashi fura, na dawo ƙasan ƙyaure babu.

"Yaya, mi ke nan?"

"Wanga ya gama motsi tun ba a haife ki ba."

"Kaji fa?"

"Kaji ba su da sana'ar hannu."

Shekara shida kaji na kwana ɗakina.

Ana cikin dariya nic ce Nasiru ya nuna mani injin. Ya yi ta kewaye-kewaye, na wuce shagon da kaina. Marfin Yaya ya tsage, an cire shi, an baje gwangwani an sa. Na taɓa da yatsa, yana rawa.

Nasiru yab biyo ni yac ce, "Na kwana biyu ne, Goggo. Ana jiran bencunan makaranta."

"Ubanka ma kwana biyu yac ce."

"Busasshen maɗaci ba ya samuwa yanzu."

Na dubi hannuwanshi. Goma cur, kuma baki biyar ke ci daga gare su. Na kira Malam Buba yac cire bel ɗin injin, na ƙulle shi a gefen zanena.

Da marece na koma Kajiji. Washegari ina idar da salla na sa anka tuge ƙyauren ɗakina ɗungurungum, anka ɗaure bayan mashin. Nic ce ma mai mashin, "Ka kai ma Nasiru, ka ce mashi bel sai na zo na ga sabon marfin da idona."

Na rataya tabarma a ƙofa, kaji na shiga abinsu. Allah ya jiƙanka Yaya, ya mai da maka yatsanka a Aljanna, ya bar ma Nasiru gomanshi.