Madacin da na yi wa talla

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Sanusi makwancinsa, ana tsakiyar yankan gero. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, kowace shekara kuma sai in samu uzuri. Bana uzuri ya ƙare, domin akwai laifin da nake so in amsa a gaban jama'a.

Wana ne, ciki ɗaya. Ni na yi lakwal, wato boko, na zama mushe, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, na ƙare ƙuruciyata ina koya wa yara sunayen kogunan da ban taɓa wanke ƙafa a cikinsu ba. Shi kuwa aji huɗu ya yi ya gudu, ya samu aiki a tsohon lambun itatuwa da ke bakin garin Tasawa, wanda Nasara suka kafa don su ga wane icce zai jure ƙasarmu. Matasan yanzu sun san wurin ne da inuwar masu gyaran moto. A da, layin dogon yaro ke tarbar mutum daga ƙofa, ga rijiya mai bakin siminti a tsakiya, ga 'yan kwaleji a gindin tsamiya suna haddar darasi. Can ciki kuma akwai itatuwan da Yaya ya tara da hannunsa: ƙirya, marke, ɗinya, taura, da madaci guda uku. Yakan bi amalanke har Kona da ƙauyukan Mayahi saboda iri cikin tafin hannu, domin ya lura dajin yana ƙarewa tun sauranmu ba mu lura ba.

Kowane icce yana da allon ƙarfe, amma ba komai a jiki sai sunan Latin. Wannan ya daɗe yana ba ni dariya.

"Yaya, kai da ko Faransanci ba ku rabu lafiya ba, mi ya kai ka ga Latin? Rubuta da Hausa mana, jama'a su ƙaru."

"Mushe, ka ji da allonka, ka bar mani nawa," in ji shi. "Masu buƙata sun san hanya."

Na ɗauka girman kai ne irin na wanda bai gama makaranta ba. Masu buƙatar kuwa tsofaffin mata ne da masu magani. Sukan zo bayan la'asar, shi da kansa ya sassaƙo musu ɓawon madaci, tsawon tafin hannu, a gefe guda kawai. Sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe wurin, kuma ba a sake taɓa wannan gefen sai ya warke. Shekaru talatin ana shan madatan nan, ba iccen da ya ko rame.

Bayan rasuwarsa alluna suka yi tsatsa, wasu suka bi masu sayen tsohon ƙarfe. Da na ajiye aiki, sai na ga lokaci ya yi da zan girmama wana, in kuma gyara masa kuskurensa. Na sa aka yi sababbin alluna na katako, da boko da ajami, kowanne da sunan icce da amfaninsa. A na madaci na jera ciwon ciki, shawara, zazzaɓi, tsutsar ciki, ban bar komai ba. An yaba mini ƙwarai.

A duk tsawon aikina ban taɓa ba da darasin da aka ɗauka da sauri haka ba. Kafin rani biyu, gari ya zo da adda da gatari. An kewaye madaci biyu da sassaƙa har suka zama tsirara, suka bushe a tsaye. Na cire allunan, amma abin da mutane suka karanta ba a cire shi da guduma. Matar Yaya, Hajara, ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Mushe, da ka tambaye ni." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da zai ga lambun yau. Ba na jin zai zargi masu sassaƙa. Ya san kuɗin magani a farmasi, ya san aljihun talaka. Ba na jin ma zai yi dogon zance. Zai dube ni ne, ya kira ni Mushe da irin muryar nan tasa, ya tafi neman laka.

Madaci ɗaya ya rage, yana rayuwa a kan ɓawon da bai fi faɗin yatsa huɗu ba. Ganyensa na sama ya fara ja. Ban san ko zai ga damina mai zuwa ba, kuma in ya tafi, ban san wani madaci a kusa ba.

Makon jiya na je duba shi, na tarar da Inna Tabawa, tsohuwar ungozoma da ba ta iya miƙe baya, tana shafa masa laka daga ƙwarya. Ba wanda ya aike ta. Na ce ko magani take nema.

"Wane magani, ɗan nan? Shi ne ba shi da lafiya. Riƙe mani ƙwaryar, hannuna ba ya kaiwa sama."

Na riƙe. Da ta gaji na karɓa, tana gyara mini: ka ƙara kauri nan, kar ka bar rami can, ba haka Sanusi ke yi ba. Alluna sun tafi, nasa da nawa. Itatuwan ma suna bin su. Abin da ya rage na wana yana hannun wata tsohuwa da ba ta san harafi ɗaya ba, ni kuma a shekaruna na zama ɗalibinta, kuma ba na cikin masu saurin ganewa.

Allah ya jiƙan Yaya Sanusi, ya sanyaya makwancinsa. Ni kuma ya yafe mini.